Yadda Ake Mayar da Malamar Rabin Aji Makaranta

Ranar da ake raba azuzuwa a farkon shekarar karatu, kowace firamare takan nuna abin da ta fi ɗauka da muhimmanci ko ba ta faɗa da baki ba. Malamin da ya fi kowa takarda a ba shi aji shida saboda jarrabawar shiga sakandare, mai bi masa ya ɗauki aji biyar, a haka ake gangarowa har a iso 'yan rabin aji, yaran shekara huɗu da biyar da ke zaune a kan tabarma, wani lokacin ma a gindin bedi. Su sai a ba su wadda ta rage: 'yar sa-kai da ta gama sakandare ba ta ci gaba ba, ko wadda kwamitin makaranta ke ɗan ba na sabulu a ƙarshen wata. Hujjar ɗaya ce kullum, ai wasa kawai suke yi, kowa ma zai iya. Duk wanda ya san firamaren karkara, daga Barkiya zuwa Birchi da Wurma a ƙasar Kurfi, ko Karofi da Makera a ƙasar Dutsin-Ma, ya taɓa ganin irin wannan rabo.

A takarda ba haka aka tsara ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 kuma ta ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake so malami ya riƙe, kuma kwalejojin ilimi suna da fanni na musamman kan reno da koyar da ƙananan yara. Wuraren karatun ma ba nisa gare su ba. Tun 1991 akwai kwalejin ilimi ta jiha a Dutsin-Ma, wadda ke ɗauke da sunan Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, ministan ilimin Jihar Arewa a zamanin Sardauna. A 2011 aka kafa jami'ar tarayya a garin. Wanda ya taso daga Kurfi da safe zai isa can bai ko ji yunwa ba. Amma ga matar aure mai goyo, wadda rabonta da ɗakin jarrabawa shekara takwas, kuma Turancinta ya yi tsatsa, kwalejin nan da Legas duk ɗaya ne. Sai an samu wanda zai kama hannunta.

Masu kama hannun nan nake son yabo. Wani wurin hedimasta ne, wani wurin babbar malama ce da ta kusa ritaya, sau da yawa kuma su biyun ne, shi yana bin takardu ita tana bin gidaje. Babu alawus a aikin, ba ya cikin takardar ɗaukar kowa aiki, kuma gwaninta ce ta gaske, don na ga shugabanni masu kyakkyawar niyya da suka yi shekaru suna cewa "ku koma makaranta" a kowane taron malamai ba tare da mutum ɗaya ya motsa ba.

Gwanar babbar malama ba ta fara da maganar makaranta. Takan shigo ajin ne kamar ta zo aron alli, ta zauna a baya, ta yi shiru. Ba ta gyara wa malama a gaban yara, ko da kuwa ta ga kuskure ƙarara, don ta san wadda aka kunyata a gaban ɗalibanta ba za ta ƙara buɗe mata ciki ba. Abin da take nema shi ne wani abu da ke damun malamar ita kanta. Kuma kullum akwai. Ga yaro yana rera ɗaya zuwa ashirin ba gargada, amma in an ce ya miƙo tsakuwa biyar sai ya dumbuzo cike da hannu. Ga yarinya tana rubuta b a wurin d, an yi faɗan an gaji. Ga wani ya damƙe fensir kamar zai soki takarda. Bayan an tashi, ana naɗe tabarmi, sai ta ce:

"Malama, yaron nan na gaba, na ji ƙirgarsa ba laifi. Mi ya sa ya kasa ba ki biyar?"

"Wallahi Hajiya nima abin na ba ni mamaki. Kullum sai mun maimaita."

"To gobe ki bar maimaitawar. Ki samo marfin kwalba, ki sa shi ya taɓa kowane ɗaya da yatsa yana faɗin lambar. In ya gama ki tambaye shi, duka nawa ke nan? Ki ga abin da zai yi."

Abin da zai yi shi ne ya sake ƙirgawa daga farko, domin bai gane ba tukuna cewa lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce adadin abin gaba ɗaya. Rera lambobi daban, haɗa kowace lamba da abu guda daban, gane cewa ta ƙarshe ita ce jimla daban, kuma yaro yakan hau su ne ɗaya bayan ɗaya. Mai juya harafi ma ba taurin kai ba ne. Duk abin da ta sani a duniya, kofi ko takalmi, sunansa ba ya canzawa don an juya shi, sai haruffa da lambobi, saboda haka yawancin yara kan yi wannan juyi a farkon koyon rubutu su kuma bari. Mai damƙar fensir yatsunsa ne ba su yi ƙwari ba, maganinsa zane a kan rairayi, da murza yumɓu, da zura ƙwayoyi a zare. Ranar da malamar ta gwada ta ga ya yi, ita za ta dawo da tambaya: "Hajiya, ke ina kika san wannan?" Tambayar da ake jira ke nan tun farko. Amsar ba ta da tsawo: "A kwaleji ake koyar da shi. Darasi guda ne cikin masu yawa, kuma ke da kike da yaran a gabanki za ki fi ni gane shi."

Dabarar tana aiki ne saboda babba ba ya komawa aji don an ce ilimi na da kyau, kowa ya san yana da kyau. Yana komawa ne in ya ga takamaiman abin da ya rasa, ya kuma yarda kansa zai ɗauka. Wannan yardar ita ce mai wuya. Matar da ta faɗi Turanci ko lissafi a jarrabawar fita sakandare takan yanke wa kanta hukunci cewa ita ba ta da kan boko, ta rufe babin. Don haka gwanar takan gina mata ƙananan nasarori kafin babbar. In an turo takardar bita, maimakon a tura wanda aka saba turawa saboda kuɗin zama, sai ta roƙi hedimasta a sa sunan malamar rabin aji, da sharaɗin in ta dawo za ta tsaya gaban sauran malamai ta koya musu. Jihar Katsina ta ga irin waɗannan bitoci da dama. Shirin horar da malamai na TDP da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2013 da Katsina da Jigawa da Zamfara ya fara, shirin RANA kuma ya koyar da malaman Katsina da Zamfara yadda ake koya wa yara karatu da Hausa, daga sautin harafi zuwa gaɓa zuwa kalma. Bita ta kwana uku ba ta mayar da mutum ƙwararre. Amma wadda ta tsaya gaban maza masu digiri ta nuna musu yadda ake tafa gaɓoɓin kalma, suka kuma yi mata tambaya ta amsa, ta fara ganin kanta da wani ido.

Sai takardu, inda mafi yawan niyya ke mutuwa. Gwani a nan yakan ce a kawo masa duk abin da ke cikin jaka ya baje a tebur. Kiredit nawa ne, akwai Turanci da lissafi? In babu, babu amfanin sayen fom ɗin kwaleji bana, a fara da jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, shi kuma ya haɗa ta da malamin lissafin aji shida na rabin awa bayan tashi. Sunan da ke kan sakamakon sakandare ya yi daidai da na katin ɗan ƙasa? Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma mata da yawa sun yi sakandare da sunan mahaifi sun yi katin da sunan miji, ko ranar haihuwar ta bambanta. Gyaran yana cin makonni, da takardar rantsuwa ta kotu da zirga-zirga, wanda bai fara da wuri ba sai ya tarar an rufe rajista. Wanda ya taɓa raka mutum biyu uku ya san waɗannan ramuka tun kafin a iso su.

Hanyoyin kuma ba ɗaya ba ne, a zaɓen wadda ta dace ake gane gwani. Budurwa ko wadda yaranta suka tasa za ta iya shekara uku na NCE a kwaleji kai tsaye. Mai ƙananan yara, wadda kuma ba za ta iya barin ɗan abin da take samu ba, ta fi dacewa da Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin firamare kyauta ga kowa, domin a horar da malaman da ke kan aiki ba tare da sun bar aji ba. Ana karanta littattafanta a gida, a haɗu a cibiyar karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu. Wadda ta riga ta sami NCE tana iya shiga jami'a daga aji biyu, ko ta bi karatun dogon hutu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko jami'ar karatu daga gida ta NOUN wadda ke da digiri kan ilimin ƙananan yara. Bayan takarda akwai rajista da hukumar malamai ta TRCN da jarrabawarta. Ga ma'aikaciyar gwamnati kuma akwai abin da ba a wasa da shi: a nemi izini a rubuce ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, kafin a tafi. Wadda ta tafi da izinin baki tana iya dawowa da takarda a hannu ta sha wahala kafin a lissafa mata ita a ƙarin girma. Hedimastan kirki shi ke rubuta wasiƙar da ita, ya kai da kansa, ya koma bibiya har ta fito.

Duk wannan ofis ne. Babban zama a gida ake yinsa, kuma a nan babbar malama ta fi hedimasta tasiri. Ba ta aika malamar ta je ta yi gardama da mijinta. Da kanta take zuwa, da yamma, ta fara shiga wurin uwar miji, a gaisa, a tambayi jikoki da amfanin gona. Ta san in tsohuwa ba ta yarda ba, yardar ɗanta ba za ta kai wata uku ba, kuma ita ce za ta riƙe yaran ranar karatu.

"Yaya, ɗiyarki ce ta kawo ni. Allah ya ba ta hannun yara, duk makarantar nan babu kamarta. Amma ba ta da takarda, gobe in an turo mai takarda sai a ce ta koma gida. Na ce ba zan yi magana da Malam ba sai na ji ta bakinki."

Da maigidan kuma ba ta kawo zancen 'yanci ko zamani. Lissafi take kawowa: ranaku kaza a mako, za ta tafi tare da wance matar wane, za su dawo kafin la'asar, kuɗin rajista kaza, ga inda rabi zai fito. Takan zaɓi lokacin ma, bayan kaka, sa'ar da gero da wake suka shigo gida, ba tsakiyar damina ba da kowa ke neman na taki. Tsoron hanya kuma ba ta raina shi. Shekarun nan mutanen Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari sun ga abin da suka gani daga 'yan bindiga, har ɗaliban jami'a an taɓa sacewa a Dutsin-Ma. Mijin da ya ce yana tsoro ba ƙarya yake ba. Amsar ita ce tafiyar rana, cikin ayari, da gidan 'yan uwa da za a sauka a cikin gari lokacin jarrabawa. Kuɗi kuwa, sau da yawa adashin malamai ne ke rufa asiri, a gyara layin kwasa ya faɗo wa mai karatu a watan rajista.

Ranar da ta tafi karatu, wa zai riƙe yaran? In ba a amsa wannan ba, sauran malamai za su fara gunaguni, kuma suna da gaskiyarsu. Na fi ganin girman shugaban da ke cewa "ni zan shiga", ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma da 'yan shekara huɗu. Bayan wannan babu wanda zai ce ajin ya yi masa ƙanƙanta.

Mutane suna ɗauka an gama da zarar an sami gurbi. A shekara ta biyu ake zubewa. Sakamakon farko ya fito an faɗi darasi biyu, littattafan duk Turanci ne mai nauyi, goyo ya yi rashin lafiya a makon jarrabawa, ga 'yan mata sa'o'in ƙannenta suna dariya in ta yi tambaya. Shirin tallafa wa ɗalibai mata masu koyon malanta, wanda UNICEF da gwamnatocin Katsina da Bauchi da Neja da Sakkwato suka fara wajen 2008, ya ɗauki matan karkara ya biya musu karatun NCE bisa alkawarin za su koma ƙauyukansu su koyar. Tunani ne mai kyau, amma binciken da aka yi a kansa a Bauchi da Neja ya nuna da yawansu sun sha fama da Turanci, da maimaita darussa, da jinkirin kuɗin tallafi. Ashe biyan kuɗin makaranta rabin aikin ne. A Amurka ma, shirin T.E.A.C.H. da aka fara a jihar North Carolina a 1990 domin masu renon yara bai tsaya ga kuɗi ba. Ya haɗa da sa'o'in da wurin aiki zai saki ma'aikaciya ta yi karatu, da mai ba ta shawara, da ƙarin albashi ko kyauta in ta kammala, ita kuma ta yi alkawarin zama a wurin na wani lokaci. Abin da suka rubuta a yarjejeniya shi ne babbar malamar ƙauye ke haɗawa da bakinta da ƙafarta.

Abin da take yi a wannan gaɓa shi ya fi burge ni. Sai ta mayar da kanta ɗaliba. Ranar Litinin ta tare malamar: "Mi aka koya maku wannan makon? Zamaninmu ba a yi mana wannan ba, nuna mani." Dole mai karatu ta juya abin da ta haddace da Turanci zuwa Hausa, kuma a wurin juyawar ne take gane shi. Daga nan su gwada a aji. In an yi musu darasi kan koyo ta hanyar wasa, su kafa kasuwar wasa a kusurwa, da gwangwanaye da 'ya'yan tsamiya a matsayin kuɗi. In an ba ta aikin lura da yaro guda ta rubuta, ga yara nan ta zaɓa. Ta haka ɗalibar da ke jin ita ce koma-baya a kwaleji take gano tana da abin da 'yan matan ba su da shi: duk ka'idar da malamin kwaleji ya ambata, ita tana da fuskar yaron da za ta ɗora a kai. In ta faɗi darasi kuma, gwanar ba ta yi mata wa'azi. Takan nemo takardun tambayoyin shekarun baya, ta haɗa ta da wani da ya ci, ta ce a sake.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis, manyan mata da take naɗa wa malfa, su tafi ƙauyuka su koyar, su kuma jagoranci ayarin 'Yan Taru zuwa wurinta neman ƙari. Jaji ba ta cewa karatu ya ƙare a wurinta, aikinta ta kai mata inda ya fi. Malamin allo na ƙwarai ma in ya ga almajiri ya ƙure abin da ke hannunsa yakan sa masa albarka ya tura shi gabas. A ɓangaren boko, Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 makarantar horar da malamai ce, kuma ɗaya daga cikin ɗalibanta, Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana malamin makarantar midil a Bauchi aka tura shi Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1945. Bambancin kawai, a da manyan ɗalibai maza ake turawa, yanzu ana maganar matar da ke share wa yara majina.

Akwai ɗaci a ƙarshen aikin, kuma masu yinsa sun sani tun farko. Da zarar ta kawo takarda, sai a ga ta fi ƙarfin rabin aji. A mayar da ita aji biyar, ko a ɗauke ta zuwa ƙaramar sakandare, ko wata makarantar kuɗi a Katsina ta ja ta. Shi ya sa wasu shugabannin ke danne malamansu da gangan, suna gudun su horar wa wani. Ina ganin kuskure suke, ko da an bar zancen alheri an koma na riba. Lokacin da gwamnatin Dikko Umaru Radda ta ɗauki malamai sama da 7,000 a 2023, ta hanyar jarrabawa aka bi, kuma masu takarda ne suka shiga layi. Makarantar da 'yar sa-kanta ba ta da takarda ba ta da wanda za ta tsayar, sai dai ta jira a turo mata baƙo, wanda sau da yawa yana sauka yake fara neman canji zuwa gari. 'Yar gari mai miji da gona a nan ita ce mai zama.

Saboda haka gwani ba ya sakin aikin ranar bikin yaye ɗalibai. Yakan sake rubuta wa sakataren ilimi wasiƙa, wannan karon yana roƙon a bar ta a ajin da ta karanta fanninsa, ya nemi kwamitin makaranta da ƙungiyar iyaye mata su sa baki. Yakan ba ta wata sabuwar 'yar sa-kai ta zauna tare da ita. In kwaleji ta turo ɗalibai koyon koyarwa, maimakon a watsa su manyan azuzuwa su rage wa malamai aiki kamar yadda aka saba, sai ya ware biyu ya kai su rabin aji, ya ce ita za ta duba tsarin darasinsu ta sa hannu.